Ba a Kore Shi Ba, Ba a Kuma Kira Shi Ba



A bakin mutanen unguwa, duk ma'aikacin da aka gani zaune a ƙofar gida ranar Litinin da hantsi, an kore shi ne kawai. Ba mai tambayar abin da takardarsa ta ce. Alhali kalmomi uku ne a nan, kowace da nata hukuncin a aljihu: kora, sallama da dakatarwa.

Kora ta mai laifi ce, yakan tafi ba notis ba garatuti. Sallama rabuwa ce bisa ƙa'ida. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda ya yi wata uku zuwa shekara biyu a ba shi notis na mako ɗaya, daga shekara biyu zuwa biyar mako biyu, daga biyar zuwa sama wata guda, ko a biya shi kuɗin kwanakin. Ita kuwa dakatarwa, je ka gida sai mun neme ka. A 2010, a shari'ar Longe da First Bank, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa wanda aka dakatar yana nan a matsayin ma'aikaci. A kunne, ita ce mafi sauƙi cikin ukun. Na ga yadda take a gidanmu na Hayin Banki, shi ya sa nake ganin wani lokacin ta fi sauran ciwo.

Yayana ya yi shekara shida yana kula da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi. A watan Agustan 2023, wata uku bayan cire tallafin mai, lokacin da kuɗin mota daga Kawo zuwa Kasuwar Barci ya fara gagarar mutane, wasu kaya suka yi ɓatan dabo. Aka ba su takarda su huɗu, an dakatar da su har sai an kammala bincike. Ba ranar dawowa a ciki, ba maganar albashi. Da ya karanta wa Mama, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdu lillahi, tunda ba kora ba ce." Duk muka ce haka ne.

Wata ya ƙare, wayarsa ba ta yi ƙara ba. Na biyu ma haka. In ya je kamfanin, maigadi ya ce manaja ya fita. Ya nemi aiki a wani wuri, suka ce ya kawo shaidar ya bar na farko. Ba shi da ita, domin bai bar shi ba. Mai shagon layinmu ya ci gaba da ba mu bashi don ya ji an ce za a mayar da shi, har littafin ya cika. Matarsa ta sayar da keken ɗinkinta aka biya kuɗin makarantar yara. Wata rana ya ce da ni, "Ƙanena, da sun kore ni da na san inda na dosa."

A wasu ƙasashe akwai abin da ke tare mutum in ya faɗi. Amurka tana da inshorar rashin aiki tun 1935, yawancin jihohinta suna biyan wanda ya rasa aiki ba da laifinsa ba har mako 26. A Afirka ta Kudu ma'aikaci yana zuba kashi 1 cikin ɗari na albashinsa, mai aikin ya zuba 1, a asusun da za a ɗiba in aiki ya tsaya. Mu a nan ba mu da irin wannan. Hukumar NSITF da wasu ke ambata, aikinta diyyar wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki ne. Mun ga abin da rashin wannan tsari ya yi a Kakuri, bayan rufe masaƙar KTL a 2002: ma'aikata sun shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa sun rasu suna jira.

Ƙofa ɗaya ce ta yi kama da tallafin rashin aiki, ita ma kuɗin mutum ne na kansa. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 8, kamfani kashi 10. Wanda bai kai shekara 50 ba, in ya rasa aiki ya kuma yi wata huɗu bai samu wani ba, zai iya cire har kashi 25 na abin da ya taru. Yaya ya je ofishin masu riƙe fanshonsa da ɗokinsa. Abu na farko da suka nema takardar barin aiki. Ya miƙa ta dakatarwa, ma'aikaciyar ta mayar masa ta ce, "Malam, ai kai har yanzu ma'aikaci ne." Ma'aikaci ba albashi, marar aiki ba shaida.

Wasu suka ce ya rubuta ajiye aiki da kansa. Ya ƙi, domin zai rasa kuɗin notis, kuma gobe a ce ɓarawo ne ya gudu. A wata na bakwai wani lauya da suke sallah a masallaci ɗaya ya duba takardar ɗaukarsa aiki. Ya ce kotun ma'aikata, wadda ke da reshe a nan Kaduna, ta sha yanke hukuncin cewa kamfani ba shi da ikon tsayar da albashin wanda ya dakatar sai in yarjejeniyar aiki ta ba shi dama, kuma a tasa babu. Ya rubuta musu wasiƙa shafi ɗaya. Cikin mako biyu suka aiko da takardar sallama da albashin wata guda. Sakamakon bincike kuwa har yau shiru. Albashin wata bakwai ya bar su da Allah, don ba shi da ƙarfin shari'a. Ya sake jiran wata huɗu, ya ciri kasonsa, ya kafa teburin POS a bakin titi.

Ba na cewa a hana dakatarwa. In dukiya ta ɓace, dole a yi bincike. Ko a aikin gwamnatin tarayya, akwai matakin da ake tsayar da ma'aikaci ana ba shi rabin albashi kafin a gama. Abin da nake ƙi shi ne dakatarwar da ba ta da wa'adi, wadda wasu kamfanoni suka mayar hanyar korar mutum ba tare da sun biya ko sisi ba. Suna jira yunwa ta sa shi ya tafi da kansa.

Don haka in an miƙo maka irin wannan takarda, kafin ka sa hannu ka nemi amsa biyu a rubuce: zuwa yaushe, kuma da albashi ko babu? Ka adana takardar ɗaukarka aiki kamar takardar gida. Ka riƙa duba ko ana zuba maka fansho da gaske.

Mu kuma masu alƙalami, littattafanmu cike suke da Alhajin da ke kiran yaronsa ya ce ya kore shi, a shafi na gaba an wuce wurin. Mutumin da ke goge takalminsa kowace safiya yana jiran kiran da ba zai zo ba, shi ma yana da labari, kuma yana nan a layinku.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba marasa aiki mafita.