Faɗuwa Ma Tana da Turancinta

Mu ’ya’yan ’yan kasuwa mun san faɗuwa tun kafin mu gamu da ita a darasi. Kawuna yana saro shinkafa a ƙauyukan Kebbe ya kawo Tambuwal, ni nake riƙe masa littafin lissafi idan na taso makaranta. A ce buhu ya tsaya masa naira 50,000 har da kuɗin mota, kasuwa ta juya ya sayar 47,000. A gida sai mu ce ya faɗi. A takardar WAEC ko wasiƙar neman rance kuwa, ga yadda ake rubutawa: “He sold the rice at a loss.”

Kalmomi uku ne, “at a loss”, amma suna kayar da ɗalibai. Wani yakan yar da “a” ɗin tsakiya, wani ya rubuta “at a lost”. Ku riƙe wannan: “loss” suna ne, wato asara. “Lose” aikatau ne, “lost” kuma shi ne idan abin ya riga ya faru. “Loose” ba ya cikin dangin, abin da ya yi sako-sako yake nufi.

Akwai wani tarkon da ya fi waɗannan. Idan shago yana cin uwar kuɗinsa wata bayan wata, ana cewa “The shop is running at a loss.” Amma wanda ya rubuta “I am at a loss” cewa ya yi kansa ya ɗaure, ya rasa abin yi. Mai ba da rance zai karanta ruɗewa a inda aka so nuna masa lissafi.

Za ku kuma gamu da “in the red”. Asalinsa, akantoci da jar tawada suke rubuta asara. Idan uwar kuɗi ta dawo, ba riba ba faɗuwa, shi ne “break even”.

Na fi son kalmar ta fito daidai, domin kawuna ba ya ɓoye faɗuwa, kuma wannan ne ya sa masu ba shi kaya bashi suke yarda da shi. Ku tambayi mai sana’a a gidanku cinikin makon nan, ku gwada rubuta shi da jimla ɗaya ta Turanci.