Ido Ba Ya Jiran Kwalba

A kantunan magani na birnin Sakkwato akan sami ruwan kwalba na goge bakin fatar ido. Likitoci kan ba masu daɗaɗɗen kumburi shi, domin rage ƙwayoyin cuta da ɓawon da ke taruwa a gindin gashin ido. Yana da amfani, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin manomin tafarnuwa na Wurno.

Mu a Rabah mun tashi muna ganin tsofaffi da matsefata rataye a wuya, suna tsige gashin da ya juya ciki yana kartar ƙwayar ido. Kakata ta yi wannan fama har ganinta ya dushe, aka ce tsufa ne. Amosanin ido ne, wanda ke kama mutum tun yana yaro. Ƙudaje da yatsu da mayafi ke yaɗa shi. In ya yi ta maimaituwa sai cikin fatar ya yi tabo, ta lanƙwashe.

Hukumar Lafiya ta Duniya na son kawar da shi nan da 2030 ta hanyoyi huɗu: tiyata, magani, wanke fuska da tsaftar muhalli. Biyun ƙarshe a hannunmu suke. A wanke wa yaro fuska kowace safiya, a gina masai, kowa ya riƙe tsinken kwallinsa.

Saura hukuma. Abin kunya ne ƙauyen da ke makwabtaka da madatsar Goronyo ya rasa ruwan wanke fuskar ɗansa.