Hanyar Tsakuwa Tana da Masu Ita

A ƙasarmu, idan direba ya ce wa fasinjoji kwalta ta ƙare, daga nan sai laterit, kowa kan gyara zama ya ja rawani ya rufe hanci, don an san wahala ta fara. A tsaunukan Alp na Faransa kuwa, akwai mutanen da ke tashi tun da asuba, su hau keke, su nufi inda kwalta ta ƙare da gangan, kuma sai sun ji tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin taya hankalinsu ke kwanciya. Abincin wani gubar wani. Wasan nasu ana kiransa gravel, wato tsakuwa da Turanci, shi ya sa zan kira abin hawan nasu keken tsakuwa. Hannunsa lanƙwasasshe ne irin na keken tsere, tayarsa ta fi ta keken tsere kauri, faɗinta kan kai milimita 40 ko fiye, birkinsa na faifai ne, giyarsa kuma an sassauta ta don hawan tudu. Wasan ya yi ƙarfi har aka shirya masa gasar duniya ta farko a Italiya cikin 2022.

Yankin da na sani cikin waɗannan tsaunuka shi ne na tafkin Annecy, a jihar Haute-Savoie, kusa da iyakar Suwis. Tafki ne mai tsawon kilomita 14 da ɗoriya, yana bisa mita 447 daga doron teku, kuma narkewar kogunan ƙanƙara ce ta bar shi nan tun shekaru dubbai. Malaman Faransanci sun san garin ta wata fuskar: a nan ne Rousseau ya haɗu da Madame de Warens cikin 1728. Duwatsu sun yi wa tafkin ƙawanya: Semnoz mai mita 1,699 daga yamma, Tournette mai mita 2,351 daga gabas.

Mai son hawa yana farawa ne da hanya mai sauƙi. A gaɓar yamma akwai titin kekuna da aka shimfiɗa bisa tsohon layin dogo na Annecy zuwa Albertville. Ba mota, ba tudu, har da wani ɗan ramin jirgi a Duingt da ake ratsawa. Wannan share fage ne. Daga ƙarshen tafkin ta kudu, wajen Chevaline, wata hanya ta shiga kwarin Ire, ta bi gefen rafi cikin daji, kwalta ta ƙare, sai tsakuwa har mashigin Chérel mai mita 1,495, sannan a gangara Jarsy cikin duwatsun Bauges. Can gabas kuma, daga mashigin Aravis zuwa na Arpettaz, akwai wata hanyar tsakuwa da ke bin kafaɗar dutse, tana fuskantar Mont Blanc da farar ƙanƙararsa. Sunanta Route de la Soif, wato Hanyar Ƙishirwa. Ɗan Sahel da ya ji wannan suna a ƙasar da ciyawa ke kai wa gwiwa, dole ya yi murmushi. Amma kowa da irin ƙishirwarsa.

Wani kwas na malamai ne ya kai ni can cikin watan Yuli, kuma wani abokin aiki ɗan garin ya ara mini keke, muka hau hanyar Chérel. Ba zan cika ku da labarin numfashi da ciwon cinya ba. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani zaren waya da aka gitta a hanya, mai mariƙin roba. Abokina ya sauka, ya cire shi, muka wuce, ya koma ya maƙala shi yadda ya same shi. Da muka ɗan ƙara gaba, sai ga shanu jajaye masu farar fuska, kowace da ƙararrawa a wuya, sun cika hanya. Ya ce mu sauka mu tura kekunan da ƙafa. Na tambaye shi ko doka ce. Ya ce shi dai haka mahaifinsa ya koya masa, domin saniyar da aka firgita ba ta ba da nono yadda ya kamata, kuma mu wucewa muke, masu shanun kuwa nan ne wurin aikinsu.

Wannan magana ita ce kan zancena. Taswirar da mahaya ke saukewa cikin wayoyinsu tana nuna layi mai launi, da yawan kilomita, da tsayin da za a hau. Ba ta faɗin wanda ya fasa dutse ya yi hanyar, ko dalilin yin ta. Alhali waɗannan hanyoyi ba don wasa aka yi su ba. Wasu na masu fitar da katako ne, mafi yawansu kuwa na makiyaya ne. Kowace shekara wajen Yuni, idan dusar ƙanƙara ta narke, ana hawa da shanu zuwa makiyayar tudu, abin da suke kira alpage, a zauna can har ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, sannan a sauko. Garin Annecy ma yana yin bikin saukowarsu cikin Oktoba. Ta hanyar tsakuwar nan ake hawa da gishiri da kayan tatsa, ta nan ake saukowa da cuku.

Cukun nasu ma yana da tarihin da ya shafi mallakar ƙasa. Ana ba da labarin cewa a zamanin da, a kwarin Thônes, mai ƙasa yakan karɓi haya gwargwadon nonon da aka tatsa ranar awo. Sai makiyaya su ƙi tatse shanun sarai, su bari sai mai awo ya tafi su sake tatsa. Da wannan nono na biyu mai maiƙo suke yin cukun da ake kira reblochon, daga wata kalmar yarensu mai nufin sake tatsa. Cikin 1958 aka ba shi shaidar asali ta hukuma. Cikin 1972 Faransa ta yi dokar kiwo a tsaunuka, wadda ta ba makiyaya damar haɗa kai su riƙe makiyaya tare. Cikin 2023 kuma UNESCO ta saka ƙaurar makiyayan Faransa cikin gadon al'adun duniya.

To, ina matsalar take? Yawa ne. Mutum ɗaya bisa keke ba ya ɓata komi, amma idan layi guda ya shiga wayoyi masu yawa, hanyar da a da makiyayi ke bi shi da karensa sai ta zama kasuwa ranar Lahadi. Wani ya bar waya a buɗe, shanu su watse, a wuni ana nema. Wani ya yanke ta cikin ciyawar da ake tanadi don hunturu. Wani ya gangaro da gudu ya faɗa cikin garke. Ga kuma zancen karnuka. Tun da kyarkeci ya dawo Faransa daga Italiya cikin 1992, masu tumaki suka koma ajiye manyan fararen karnukan tsaro da ake kira patou. Karen nan bai san wasa ba. Duk abin da ya doso garke da gudu, maƙiyi ne a wurinsa. Shawarar da ake bai wa mahaya ita ce su tsaya, su sauka, su sa keken tsakaninsu da karen, su kewaye garken daga nesa. Wanda ya ƙi ji ya sha cizo, ƙara ta kai gaban magajin gari, makiyayi ya shiga uku. Idan abin ya yi yawa, ɗayan biyu ne: a rufe hanya, ko makiyayi ya gaji ya bar tudu. In kuwa ya bari, daji ya cinye makiyayar, hanyar ta lalace, kyan da mahayi ya zo nema ya tafi tare da shanun.

Akwai kuma hanyar da masu ita matattu ne. Tudun Glières, arewa maso gabas da tafkin, yana bisa mita 1,400 da ɗoriya. A farkon 1944 ɗaruruwan ƴan gwagwarmaya suka taru can don karɓar makaman da jiragen Ingila ke jefowa. An kashe shugabansu Tom Morel cikin Maris, sojojin Jamus kuma suka kai farmaki ranar 26 ga watan. Da yawa ba su sauko da rai ba. Cikin 1973 André Malraux ya buɗe ginin tunawa da su. Cikin 2018, sannan 2020, gasar Tour de France ta ratsa tudun: hawan kilomita 6 mai tsananin tsayi, sai tsakuwa ta kusan kilomita 2 a gaban ginin. Tun daga nan masu keke ke ɗokin zuwa. Ina ganin wanda ya wuce wurin idonsa na kan agogo, bai tsaya ya karanta ko layi ɗaya na tarihin ba, ya hau tudun amma bai je Glières ba.

Mu ƴan Nijar wannan zance ba baƙo ba ne a kunnenmu. Mun san burtali, mun san abin da ke faruwa idan gona ta ci shi, ko shanu suka bar shi suka faɗa gona. Dokar karkara ta 1993 da ta kiwo ta 2010 duk don wannan aka yi su. Bambancin kawai, a can wanda ke takura makiyayi mai neman hutu ne, a nan kuwa mai neman abinci ne. Tambayar dai guda ce: wa ke da hakkin wucewa, kuma da wane sharaɗi?

Saboda haka, ƴan'uwana malamai, idan darasi ya kawo mu kan tsaunukan Alp, kada mu tsaya ga hoton tafki da ƙanƙara. Mu tambayi ɗalibai wa ya yi hanyar da ke cikin hoton, wa ke cin abinci da ita, me ya wajaba kan baƙon da ya bi ta. Ɗan makiyayi da ke zaune a bencin baya, wanda bai cika ɗaga hannu a darasin Faransanci ba, shi zai riga kowa amsawa: a gaida masu wuri, a rage gudu gaban dabba, a rufe abin da aka tarar a rufe. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa kuwa takan sauka ta tashi ba ta karya ko tsinke ba.