Sabuwar Zuciya a Tsohon Jiki

Fijon mahaifina ta shekara shida a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu a Gumel, kaji na kwana a inuwarta. Peugeot 504 ce, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Da ita Baba yake zuwa kasuwar Maigatari duk Alhamis, ya ɗauko dillalan shanu, wani lokaci ya zarce Sule Tankarkar ko Gagarawa kai amarya.

Bana na yanke shawarar tayar da ita. Injinta ya gama aiki: yana shan baƙin mai, hayaƙi kamar an kunna yayi. Na sayo injin 505 ɗan Kwatano daga Kano, domin ya fi ƙarfi kuma yana zama a gurbin na 504 ba tare da yanke-yanke ba.

Da sarƙa muka rataye tsohon injin a reshen darbejiya, ni da wani dattijon bakanike. Ya ce, "Yaro, sannu ba ta hana zuwa. Duba lagireto tukuna, zafin ƙasar nan ba ya yafe wa mota."

Kwana uku muka yi. Da ta tashi, muryarta ta sauya, amma sitiyarin yana nan da santsin hannun Baba, Allah ya jiƙansa. Na daɗe zaune a ciki ban sa giya ba.

Tsohon injin yana zaure. Masu gwangwan sun taya sau biyu, na ce su dawo wata rana.