Wata Huɗu Ƙofar Rumbu a Buɗe

A daren wata Juma'a cikin damina, ina zaune kan tabarma a ƙofar gidan kawuna ana hidimar bikin 'yarsa, sai wayata ta yi ƙara. Ma'ajin wata ƙungiyar 'yan kasuwa ne, waɗanda nake kula musu da manhajar lissafi. Washegari za su raba kuɗin adashe, ga shi sunayen mutum uku sun fito sau biyu-biyu a jerin masu karɓa. Ya ce, "Malam, don Allah a gyara kafin safiya, kada mu ji kunya a gaban jama'a." Na ce masa in sha Allahu.

Gyaran kansa bai fi na minti goma ba, isa wurin ne aikin. Bayanan ƙungiyar suna cikin rumbun adana bayanai irin na PostgreSQL da muke haya a gajimare, wato a kwamfutocin wani babban kamfani da ke wata ƙasa, muna biya wata-wata. Tun ranar da na kafa shi na gindaya masa sharaɗi: kada ya amsa wa kowa sai uwar garken da manhajar take a kai, da kuma adireshin intanet na ofishina. To ga ni nesa da ofis, na jona kwamfuta da intanet ɗin waya. Na duba adireshin da wayar ta ba ni, na ƙara shi cikin jerin waɗanda aka yarje wa, na shiga. Ban kai ko'ina ba sabis ya ɗauke, da ya dawo kuma adireshin ya canza. Na sake ƙarawa. A karo na uku, ga sauro, ga kiɗa, ga caji na neman ƙarewa, sai na goge adireshin na rubuta 0.0.0.0/0. Na ce a raina da zarar na koma gida zan rufe. Na gyara sunayen, aka raba kuɗi lafiya, ma'aji ya yi ta godiya, ni kuwa na manta.

Bari in warware wa mai karatu abin da na rubuta ɗin. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshi, lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Lambar da ke biyo bayan karkatacciyar sandar ita ke faɗin yawan abin da tilas ya dace da adireshin mai neman shiga. Idan 32 ce, sai adireshin ya dace baki ɗaya, wato na'ura ɗaya tak aka yarje wa. Idan sifiri ce, ba sai komai ya dace ba. Ke nan na ce wa rumbun ya amsa sallamar duk wanda ya zo, daga ko'ina a duniya. Kowane adireshi kuma yana da ƙofofi masu lamba har 65,535, kuma an san ƙofar da kowace irin manhaja ta saba zama a bayanta. PostgreSQL tana 5432, MySQL tana 3306, MongoDB tana 27017. Ba sirri ba ne, yana rubuce a littafin koyon kowacce.

Abin da ya kwantar mini da hankali a daren shi ne tunanin da ke yaudarar yawancinmu: wa ya san da mu? Ƙungiyar mutum ɗari biyu da 'yan kai ce, ba banki ba. Amma mai kutse ba ya bukatar ya san sunanka. Adireshin intanet na tsohon tsari, wanda har yau shi aka fi amfani da shi, gaba ɗayansa bai wuce kusan biliyan 4.3 ba, kuma wannan ba wani yawa ba ne a wurin kwamfuta. A 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka fitar da manhaja mai suna ZMap, suka nuna cewa kwamfuta guda mai layi mai ƙarfi za ta iya ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya a duk adireshin nan cikin ƙasa da minti 45. Tun 2009 kuma akwai Shodan, wanda John Matherly ya ƙirƙira, injin bincike ne da ke tara jerin na'urorin da suka amsa irin wannan ƙwanƙwasawa. Dare da rana akwai manhajojin da ke bin layi gida-gida suna taɓa kowace ƙofa, ba ruwansu da ko ta attajiri ce ko ta talaka.

An kuma ga abin da suke yi idan ƙofa ta buɗe. Daga ƙarshen 2016 zuwa farkon 2017, masu kutse sun shafe dubun-dubatar rumbunan MongoDB da aka bari a fili ba kalmar sirri, suna barin takardar neman fansa da bitcoin. Da yawansu ba su ma kwafi bayanan ba kafin su goge, don haka ko an biya babu abin da za a mayar. Bayan wannan ne kamfanin, daga zubi na 3.6, ya sa manhajarsa ba ta sauraren kowa daga waje sai mai ita ya buɗe da hannunsa. A watan Yulin 2020 aka sake ganin wani hari a kan dubban rumbunan Elasticsearch da MongoDB, wanda ko fansa ba ya nema. Ya goge, ya bar kalmar da Turawa ke kwaikwayon kukan kyanwa da ita, ya wuce gaba.

Ni dai rumbuna yana da kalmar sirri, doguwa kuma. Da ita na dogara ba tare da na sani ba, har tsawon wata huɗu. Ranar da ma'aji ya yi ƙorafin manhaja na nauyi, na buɗe kundin da rumbun ke rubuta abin da ya faru da shi, sai na tarar da layi bayan layi, shafi bayan shafi, na yunƙurin shiga da aka ƙi. Adireshin da ban taɓa gani ba, daga ƙasashen da ba mu da ko mamba ɗaya, suna gwada sunayen da aka saba bai wa babban mai kula da rumbu. Ranar farko da suka fara ita ce washegarin bikin.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba yawansu ba ne. PostgreSQL, a yadda take zuwa, tana rubuta duk wanda ya gwada kalmar sirri ya kasa, amma ba ta rubuta wanda ya yi nasarar shiga, sai an kunna mata wani maɓalli mai suna log_connections. Ban kunna ba. Ina da cikakken jerin waɗanda aka kora, ba ni da sunan ko mutum ɗaya da aka bari ya wuce. Na kwatanta bayanan da kwafin da muke ajiyewa, na tabbatar ba a canza komai ba. Amma kwatantawa ba ta nuna ko an karanta. A cikin rumbun nan akwai sunan kowane mamba, lambar wayarsa, bankinsa, da nawa yake zubawa. Wanda ya samu wannan ba sai ya taɓa ko kwabo ba. Ya isa ya kira wata mai sayar da atamfa ya ambaci sunanta da na bankinta da ranar kwasarta, sannan ya ce ta karanto masa lambar da aka turo mata yanzu. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka gano an keta bayanai ta hanyar da ka iya cutar da masu su, ni kuwa ko tambayar farko, an keta ko ba a keta ba, na kasa amsawa da hujja.

Na tafi wurin shugaban ƙungiyar, dattijo ne, na same shi a shago bayan la'asar. Na yi masa bayani iya yadda zan iya. Ya saurara bai katse ni ba, sannan ya ce, "To Malam, an ɗauki wani abu?" Na ce, "Alhaji, ban ga alamar an shiga ba, amma ba zan rantse ba." Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Ai kuwa sai mu gaya wa mutane." A taron wata ya tashi da kansa ya gargaɗi mambobi kada su ba kowa lambar sirri ta waya, ko da mai kiran ya san sunan kakansu. Bai ambaci sunana ba. Da ya yi mini faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Da na zauna sake gini, sai na gane kuskuren ya girmi daren bikin. Tun farko na ba rumbun adireshin da ake iya kaiwa gare shi daga titi, sannan na ajiye mai gadi da takardar sunaye. Wanda ya san gidan Bahaushe na gargajiya ya san ba a yi wa rumbu ƙofa ta waje. Yana can ciki, sai ka ratsa zaure, ka wuce shigifa, ka shiga tsakar gida kafin ka gan shi, baƙo kuwa iyakarsa zaure. Manyan kamfanonin gajimare, irin su AWS da Google Cloud da Azure, duk suna ba mai haya damar zagaye kayansa da irin wannan katanga, wadda biyun farko ke kira VPC. A cikinta ana amfani da adireshin da aka keɓe tun 1996 don amfanin cikin gida, masu farawa da 10, ko 192.168, ko 172.16 zuwa 172.31. Intanet ɗin waje ba ya kai saƙo ga waɗannan. Na mayar da rumbun can, na cire masa adireshin waje gaba ɗaya. Yanzu ko na sake yin wautar rubuta sifirai huɗu, wanda ke titi ba shi da hanyar da za ta kai shi. Dokar shiga kuma na daina rubuta ta da adireshi. Na ce ƙofa ta 5432 ta amsa wa na'urorin da ke rukunin manhaja kaɗai, ta yadda ko an sauya uwar garke dokar na nan daram.

Saura ni, mai gyara, da zan bukaci shiga daga inda duk waya ta same ni. Nan ne zaure ya shigo: wata 'yar ƙaramar na'ura da ke da fuska biyu, ɗaya ta titi ɗaya ta cikin gida, ba a ajiye komai a kanta. Da farko na sa ana shiga ta da SSH, da mabuɗin sirri na kwamfuta, ba kalmar da ake iya cinka ba, daga nan a haƙa rami zuwa rumbu. Ya yi aiki, sai dai ƙofarta ta 22 ita ma ta fara karɓar baƙin da ba a gayyata ba. Daga baya na koma WireGuard, manhajar VPN da Jason Donenfeld ya rubuta, wadda aka shigar cikin zuciyar Linux a 2020. Halinta ɗaya ya burge ni: duk saƙon da bai zo da mabuɗin da ta sani ba, ba ta ce masa uffan, ko "a'a" ba ta faɗa. Mai ƙwanƙwasawa bai ma san akwai ƙofa a wurin ba. Waɗanda ke kan AWS suna da Session Manager, da ke ba da damar isa ciki ba tare da buɗe ƙofar shiga ko ɗaya ba. Duk hanyoyin nan abu guda suka haɗu a kai, suna tambayar wane ne kai, ba daga ina ka zo ba.

Wannan bambanci ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da yadda littattafan koyo ke nunawa, domin akasari an rubuta su ne ga mai zama a ofis mai adireshi tsayayye. Mu kuwa aikinmu kan intanet ɗin waya yake. Kamfanonin salula ba su da adireshin da zai ishi kowa, don haka sukan tara masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya, su kuma riƙa sauya shi. Ashe ko a karo na farko da na biyu a daren nan, da nake ganin ina bin ƙa'ida, ba ni kaɗai na buɗe wa ba, har da duk wanda muka yi tarayya a adireshin. Kuma a ganina duk makullin da ke wahalar da mai gida a kullum, mai gidan ne da kansa zai karya shi wata rana cikin gaggawa. Ban zama mai kula fiye da da ba. Abin da ya sauya shi ne yanzu hanyar da ta dace ita ce mafi sauƙi, danna maɓalli ɗaya, ko daga kan tabarma.

Kada dai a ɗauka katanga ta gama komai. Manhajar ƙungiyar tana cikin gida, tana riƙe da mabuɗin rumbu, kuma ita fuskarta na titi. A 2019 bankin Capital One na Amurka ya yi asarar bayanan mutum sama da miliyan 100 ta irin wannan hanya: an yaudari wata na'ura da ke bakin iyaka wadda ba a saita ta daidai ba, ta miƙa izinin da take da shi, izinin kuma ya fi ƙarfin aikinta. Shi ya sa na rage wa manhajarmu iko, tana karantawa tana rubutawa a teburan da suka shafe ta, ba ta iya goge tebur ko ƙirƙirar sabon mai shiga. Na tilasta rufe zancen da ke tsakaninta da rumbu da TLS ko da yake duk a gida suke. Na kunna maɓallin nan da na bari a kashe. Ranar ɗaya ga kowane wata kuma nakan kashe VPN, in ƙwanƙwasa ƙofofinmu daga waya kamar baƙo, in ga ko akwai wadda ta amsa.

Abu ɗaya ne har yanzu ban shawo kansa ba. Duk ƙarshen wata ma'aji yana sauke jerin mambobi a takardar Excel, da sunaye da lambobin waya da komai, ya tura wa shugaba da sakatare ta WhatsApp, domin Alhaji ya fi jin daɗin karantawa a wayarsa. Na yi magana sau biyu. Na uku sai ma'ajin ya ce, "Malam, to ta ina kake so ya gani?" Ina kan haɗa masa shafin da zai buɗe da yatsa ɗaya, mai nuna suna da kuɗi kawai ban da lambar waya, kuma na yi alkawarin gamawa kafin rabon watan gobe.