Raƙumar Baba

Duk wanda ya san wurin lodin albasa a kasuwar Malanbil, ya san a-kori-kurar mahaifina. Farar Hilux ce tsohuwar yayi. 'Yan dako sun laƙaba mata suna Raƙuma, domin idan babu kaya a kanta takan tsaya goshi ƙasa, baya sama, kamar raƙumin da zai durƙusa. Ba haka ta fito daga kamfani ba. Baba ne ya sa aka ƙara wa sifirin bayanta falle uku-uku, abin da makanikanmu ke kira lam, aka kuma sa mata manyan tayoyi saboda hanyar Karimama. Da zarar an lafta mata buhuna sai ta miƙe sambal.

Allah ya yi wa Baba rasuwa a 2022, motar ta dawo hannunmu ni da ƙanena. Shi ke tuƙi, ni kuwa ina gidan rediyo ina surutu. Amma gaskiyar magana, ba albashina ke riƙe da gidan Inna ba, Raƙuma ce.

Sai aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka. Gadar da ta haɗa mu da Gaya ta kan kogin Kwara ta yi tsit, manyan motocin da suka taso daga Kwatano suka yi jerin gwano a bakin gari, kaya suka koma tsallakawa ta kwalekwale. Motar da ta saba haye gada shaƙe da albasa ta koma jigilar 'yan ƙananan kaya daga kasuwa zuwa bakin ruwa. Sifirin da aka yi domin nauyi, in ya rasa nauyi, bugu yake yi. Ranar da muka kai Inna gaisuwar mutuwa, kwana biyu ta yi tana jinyar baya.

Ciwon bayan Inna shi ne hujjar da na ba mutane. Abin da ban faɗa ba shi ne kunya. Na gaji da tsokanar abokan aiki duk ranar da ƙanena ya sauke ni a ƙofar tasha. Na kuma sha kallon bidiyon 'yan Amurka masu ɗaga motocinsu don ado, gaba da baya a layi ɗaya. Irin Hilux ɗinmu, nauyin gabanta yana kan wasu dogayen sandunan ƙarfe biyu ne masu murɗuwa, kowace da notinta. Na kai ta wurin wani matashin makanike, na ce ya ɗaure notin har gaban ya kamo bayan. Ya so ya yi magana, na katse shi, don ni mai difloma ne. Cikin rabin awa Raƙuma ta tsaya ƙyam. Na ɗauke ta hoto na sa a Facebook.

Bayan mako uku muka sami lodin shinkafa zuwa Kandi, muka tashi bayan isha'i. Tun muna cikin gari na ji motar ba yadda na san ta ba. Kaya sun danne baya, gaban da na ɗaga ya ƙara ɗaguwa, fitilu sun bar kwalta suna haska rassan itatuwa. Duk motar da muka yi kiciɓis da ita sai ta ƙifta mana wuta. Dab da Gene wani ɗan kabu-kabu ya ɓullo, da mace goye da jariri a bayansa. Haskenmu ya shige masa ido, ya karkato kanmu. Ƙanena ya taka birki ya murɗa sitiyari, motar ta yi nauyin amsawa. Mu muka tsaya a cikin ciyawa, su suka zube a gefen hanya. Allah ya kiyaye, ɗan kabu-kabun ne kawai ya kuje a hannu. Amma kukan jaririn nan har yau yana kunnena.

Washegari na nufi garejin wani dattijo, aminin Baba, wanda shi ne ma ya sa lam ɗin tun farko. Ya zagaya motar sau biyu.

"Wa ya taɓa ta?"

"Ni ne na sa, Kawu."

"To, ɗana, da kaya ka auna ta ko babu kaya?"

Na yi shiru. Ya sa aka tura ta kan dandamalin siminti, aka daidaita iskar tayoyi, ya auna daga tsakiyar kowace ƙafa zuwa bakin bodi, kusurwa huɗu, yana rubutawa da alli a ƙasa. Sannan ya sa yaransa suka hau baya, ya sake aunawa. Nan na ga ashe ɓangaren direba ma ya fi ɗayan kwantawa, ban taɓa lura ba.

Ya nuna mini abin da na yi. Ɗaure sandunan nan ya tura ƙafafun gaba kusan ƙarshen inda suke iya sauka, don haka in taya ta faɗa rami ba ta da sauran wurin bi, gaɓoɓin ne ke shan dukan. Saitin ƙafa ya goce, tayoyin har sun fara cinyewa ta gefe ɗaya. Ya kuma ja ni ƙarƙashin motar, ya nuna mini wata siririyar sanda da ta taso daga gatarin baya zuwa wani ɗan bawul. Ita ke gaya wa birki yawan nauyin da ke kan mota. In an ɗaga baya ba a gyara ta ba, sai birkin baya ya ɗauka motar wayam take, ya rage kamu.

"Mahaifinka ya san abin da zai ɗauka kafin ya ɗaga ta," in ji shi. "Kai me kake ɗauka yanzu?"

Na kira ƙanena muka yi lissafi. Bai kai rabin na da ba.

Kwana biyu aikin ya ci. Kawu ya cire falle ɗaya a kowane gefe, ya sassauta notin gaba yana ƙirga zagaye, ya gyara ɓangaren da ya kwanta, ya saita sandar birki, aka yi saitin ƙafa. Da magariba ya fuskantar da ita ga bango, da buhuna a kanta, ya sauke fitilun. Da aka kwashe kayan, na ga bayan har yanzu ya ɗara gaban da kamar yatsu uku. Na buɗe baki, ya riga ni.

"Bar mata wannan. Wurin kaya ne."

'Yan dako ba su daina ce mata Raƙuma ba, ni ma na daina jin haushi. Fallayen nan biyu da aka cire, wani mai sayen ƙarfe ya taya, Inna ta hana. Ta sa an shafe su da baƙin mai, an jingine a zaure. Ta ce ranar da aka buɗe gada, albasa za ta neme su.