Ranar da Muryar Kakata Ta Ɓace

Shekara biyu kafin kakata ta rasu, na zauna da ita dare bakwai ina ɗaukar muryarta, tana ba ni labarin asalin gidanmu da tatsuniyoyin da ta ji tun tana yarinya. Na zuba su duka cikin ɗan filashi guda, ban ajiye ko'ina ba sai nan.

Ran nan ina share tarkacen da ba ni so, sai hannu ya riga hankali, na haɗa har da muryar tsohuwa. Na garzaya kwandon shara na kwamfuta, na tarar wayam. Ashe a Windows, abin da aka share daga filashi ba ya bi ta kwandon nan. Jikina ya yi sanyi, na ji kamar yau ne aka yi rasuwar.

Da maraice ɗan ƙanwata ya zo, na gaya masa. Ya ce, "Kawu, kada ka ƙara ajiye kome cikin filashin nan." Sa'an nan ya bayyana mini abin da ban sani ba. Ni a zatona sharewa kamar wanke allo ce. Ashe suna kaɗai kwamfuta kan cire daga jerin sunaye, ta ce wurin ba mai shi, amma kayan suna nan kwance, sai ran da sabon abu ya zo ya hau kansu. Watau kamar ɗakin da aka ce babu kowa ne, alhali kayan mai shi na ciki.

Ya sa wata manhaja da a ke kira Recuva cikin kwamfutar, ba cikin filashin ba, ta bi lungu lungu tana nema. Dare shida suka dawo lafiya lau. Na bakwai kuwa ya tafi, domin da rana, kafin yaron ya zo, na ajiye waɗansu hotuna, suka hau kansa. A daren nan ne ta lissafa mini sunayen kakanninmu.

To, mai karatu, in wannan ya same ka, janye hannunka tukuna, ka nemi wanda ya sani. Abin da ka ke ƙauna kuma, ajiye shi wuri biyu ko uku, gama da na sani ƙeya ce.